Talabijin a Gidajen Birazil: Akwatin da Ya Zama Agogon Iyali

Gabatarwa

Idan aka ambaci ƙasar Birazil, abin da yakan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne ƙwallon ƙafa, sai dajin Amazon, sai kuma bikin kanibal. Amma akwai wata al'ada da ta fi waɗannan duka shiga rayuwar mutanen ƙasar ta yau da kullum, wato zaman kallon talabijin da iyali suke yi daga faɗuwar rana har zuwa lokacin kwanciya. Ƙwallo sau biyu ake buga ta a mako, kanibal kuwa sau ɗaya ne a shekara. Shi kuwa wannan zama daga Litinin ne har Asabar, kuma an shafe fiye da shekara hamsin ana yin sa a kan tsari kusan iri ɗaya. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda tsarin yake, da inda ya samo asali, da abin da ya haifar a cikin gidajen mutane.

Birazil ita ce ƙasa mafi girma a Kudancin Amurka. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 8.5, wato ta ninka Nijar fiye da sau shida ke nan. A ƙidayar 2022 mutanenta sun kai miliyan 203, kuma harshen Fotugal suke magana da shi. Ya kamata a riƙe wannan girma a zuciya, domin shi ne zai sa a gane dalilin da ya sa akwati ɗaya da ke magana da harshe ɗaya a lokaci ɗaya ya sami irin wannan matsayi.

Yadda akwatin ya shiga gida

An buɗe tashar talabijin ta farko a Birazil, TV Tupi, a birnin Sao Paulo ranar 18 ga Satumba, 1950. Mai ita wani attajiri ne mai jaridu da gidajen rediyo, Assis Chateaubriand. Da lokacin buɗewa ya matso sai aka lura cewa ga tasha amma babu masu akwatin kallo, don haka ya sa aka shigo da akwatuna kamar 200 daga waje, aka jera wasu a tagogin kantuna, aka raba wasu ga manyan gari. A shekarun farko talabijin kayan masu hali ne. Wanda ba shi da ita sai ya je gidan maƙwabci, ya zauna a ƙasa ko ya tsaya ta taga yana leƙe. Har suna aka ƙirƙira wa irin wannan baƙo, televizinho, wanda aka haɗa daga kalmar talabijin da kalmar vizinho mai ma'anar maƙwabci. A ƙananan garuruwa, musamman na arewa maso gabas, hukumar gari ce takan sayi akwati ɗaya ta gina masa ɗan ɗaki mai ƙofa a dandali. Da yamma mai riƙe da makulli ya zo ya buɗe, mutane su fito da kujerunsu.

Abin da ya mayar da talabijin ta kowa da kowa shi ne mulkin soja, wanda ya fara a 1964 ya ƙare a 1985. Sojojin suna son su ɗinke wannan ƙasa mai faɗi ta zama abu guda da za a iya yi wa magana daga wuri ɗaya. Sun kafa kamfanin sadarwa na gwamnati, Embratel, a 1965, ya shimfiɗa hanyoyin aika hoto daga birni zuwa birni. An sauƙaƙa sayen kaya bashi a biya wata-wata, aka kuma kafa masana'antun haɗa akwatunan a birnin Manaus. A wannan shekara ta 1965 ne Roberto Marinho ya buɗe TV Globo a Rio de Janeiro, kuma ita ce ta fi kowa cin moriyar waɗannan hanyoyi. A 1970 kusan gida ɗaya cikin huɗu ne yake da talabijin. A 1980 an haura rabi. A ƙidayar 2010 an sami gida 95 cikin kowane 100.

Akwai wani abu da yakan ba baƙo mamaki a cikin waɗannan alkaluma. A ƙidayar shekara ta 2000, gidajen da suke da talabijin sun fi waɗanda suke da firji yawa, alhali kuwa ƙasar zafi ce. Masu ilimin boko sun daɗe suna kafa hujja da wannan wajen cewa talaka bai san abin da ya fi masa amfani ba. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Wanda yake sayen abincin yini ɗaya ya cinye a ranar, ba shi da abin da zai ajiye a firji. Ita kuwa talabijin, da zarar an gama biyan kuɗinta, ba a sake biyan komai sai wutar lantarki, domin manyan tashoshin da talla suke rayuwa. Ga wanda ba shi da kuɗin silima ko na jarida, kuma wataƙila bai iya karatu ba (a 1970 kusan kashi ɗaya cikin uku na manya ba su iya ba), ita ce jaridarsa, ita ce gidan wasansa, ita ce kuma mai tsare masa yara kada su fita titi da dare.

Mazaunin akwatin a cikin gida ma yana da abin da yake nunawa. Wata masaniyar al'adun al'umma, Ondina Fachel Leal, ta zauna da iyalai a birnin Porto Alegre tana kallo tare da su, ta kuma wallafa bincikenta a 1986. Ta tarar da cewa a gidan ma'aikaci talabijin a falo take, a inda mai wucewa ta titi zai iya hango ta, an shimfiɗa mata ƙyalle mai saƙa, an kewaye ta da furannin roba da hotunan ƴan uwa da na waliyyan coci. A gidan mai kuɗi kuwa ba a son ta fito fili, sai a kai ta wani ɗaki dabam. Dukansu shiri ɗaya suke kallo, amma ɗaya yana alfahari da akwatin, ɗayan yana ɗan jin kunyarsa.

Tsarin dare

Ginshiƙin wannan al'ada shi ne abin da suke kira novela, wato wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake nunawa kullum. Kowane kashi na rana ɗaya ana kiran sa capítulo, ma'ana babi, kamar dai na littafi. Novela ɗaya takan ɗauki wata shida zuwa takwas, babi 150 zuwa 200, sannan ta ƙare ƙarewa ta gaskiya, a ranar Litinin mai zuwa wata sabuwa ta maye gurbinta. Bisa al'ada ranar Juma'a ake nuna babin ƙarshe, a maimaita shi ranar Asabar.

Globo tana nuna sababbi guda uku kowane dare, kuma mutane da sunan lokacinsu suke kiran su. Ta ƙarfe shida labarin soyayya ce mai sauƙi, sau da yawa na zamanin da, wanda kaka da jika za su iya kallo tare. Bayanta sai labaran jiha. Ta ƙarfe bakwai ta barkwanci ce da harkokin samari da ƴan mata. Daga nan sai labaran ƙasa, Jornal Nacional, waɗanda aka fara ranar 1 ga Satumba, 1969. Sai kuma babbar, wadda aka daɗe ana kira ta ƙarfe takwas, amma da lokacinta ya yi ta ja da baya sai aka mayar da sunanta ta ƙarfe tara a 2011. A cikinta ne ake taɓo manyan al'amura: cin amana, rashawa, rikicin gado, ƙwaya, bambancin mai kuɗi da talaka. Abin dariya shi ne, babu wadda take farawa daidai da ƙarfen da aka laƙaba mata; ta bakwai sai wajen takwas saura, ta tara sai tara ta gota. Duk da haka, idan uwar gida ta ce a dawo kafin ta bakwai, kowa ya san lokacin da take nufi.

Ba haka kawai aka saka labarai a tsakiyar wasanni biyu ba. Dabara ce ta shugabannin tashar na farko, Walter Clark da José Bonifácio de Oliveira Sobrinho, wanda aka fi sani da Boni. Lissafinsu shi ne, matar gida ta riga ta kunna akwatin saboda wasan ƙarfe bakwai, kuma ba za ta yarda a sauya tasha ba don kada babban wasan ya wuce ta. Shi kuma maigida ya dawo daga aiki ya zauna don jin labarai, kafin ya tashi sai wasan ya fara, ya zarce. Ta haka mace ta ji labarai, namiji ya kalli wasa, tashar kuma ta riƙe gidan gaba ɗaya har tsawon awa huɗu. Maza da yawa har yanzu sukan ce novela abin mata ce, amma a tambaye su wane ne uban yaron da aka tsinta, za a ji amsa.

A kan wannan jeri ne sauran ayyukan gida suka daidaita. Ana ɗora tukunya lokacin ta shida, a yi wanka a ci abincin dare, wanda sau da yawa shinkafa da wake ne, tsakanin ta bakwai da labarai. Gidaje da yawa a gaban akwatin suke ci, kowa da farantinsa a cinya. Wanke-wanke da zuwa bayi sai lokacin talla. Kuma ladabi ne kada a buga wa dattijuwa waya, ko a kai mata ziyara, a daidai lokacin babban wasan; wanda ya yi kuskuren zuwa sai a nuna masa kujera, gaisuwa ta jira talla. Kallon ba na shiru ba ne. Ana zagin mugu, ana gargaɗin yarinyar da za a yaudara, ana gardamar wanda ya fi gaskiya. Sanannen abu ne a ƙasar cewa idan mai karanta labarai ya yi sallama ya ce boa noite, wato a kwana lafiya, tsofaffi da yawa sukan amsa masa daga falonsu. Muryar Cid Moreira ce suka amsa wa daga 1969 zuwa 1996, sannan ta William Bonner daga 1996 zuwa 2025. Mutum biyu ke nan a cikin shekara 56, kuma wanda ya daɗe haka yana shigowa gida kowane dare ai ya wuce a kira shi baƙo.

Hatta ƙwallon ƙafa, duk da matsayinta, sai da ta bi layi. Shekara da shekaru wasannin daren Laraba ba a fara su sai tsakanin tara da rabi da goma, domin sai an gama novela tashar za ta nuna su. Ƴan kallon da suka je fili sukan koka cewa ba sa isa gida sai tsakar dare ta wuce, ga kuma aiki da asuba.

Daga ina novela ta fito

Asalinta rediyo ne. Tun 1941 ake watsa wasannin kwaikwayo masu ci gaba a rediyon Birazil, da yawansu fassara ne daga na ƙasar Kuba, kuma kamfanonin sabulu da man goge baki ne suke ɗaukar nauyinsu don su kai tallarsu ga matan gida. Ta farko a talabijin an yi ta a 1951, sau biyu a mako. Mai zuwa kullum ta fara a 1963 a tashar Excelsior. Na farkon nan labaran sarakuna ne da ƴaƴan sarakuna a ƙasashe masu nisa, da magana mai nauyi wadda ba wanda yake yin irinta a titi. A 1968 ne Tupi ta fito da Beto Rockfeller, labarin wani mai sayar da takalma a Sao Paulo da yake ƙaryar shi ɗan masu kuɗi ne. Yana magana kamar kowa, yana yawo a titunan da kowa ya sani. Daga nan aka gane cewa abin da ɗan Birazil ya fi son gani shi ne Birazil, Globo kuma ta ɗauki darasin ta hannun marubuta irin su Janete Clair da mijinta Dias Gomes.

Abin lura game da novela shi ne, ana nuna ta ana kuma rubuta ta. Marubuci bai fi ƴan makonni yake gaban masu kallo ba. Tashar takan tara rukunin masu kallo, galibi matan gida, ta ji ra'ayinsu, tana kuma bin alkaluman kamfanin Ibope mai auna yawan masu kallo. Ɗan wasan da jama'a suka ƙi sai a tura shi tafiya ko a kashe shi, wanda suka so kuma a faɗaɗa rawarsa. Saboda haka hirar da ake yi a falo da shagon gyaran gashi da cikin motar haya tana iya komawa ta sauya labarin, kuma masu kallo sun san da haka. Wani abin kuma, jaridu da mujallu suna buga taƙaitaccen abin da zai faru a babukan mako mai zuwa. Mutane su karanta, su san komai, kuma su zauna su kalla. Wannan ya nuna cewa sanin ƙarshen labari ba shi ne babban abin da ake nema ba. Abin da ake nema shi ne a ga yadda za a yi, a kuma sami abin tattaunawa da safe.

Inda ake ɓoye sirri shi ne ƙarshen wasan. A daren jajibirin Kirsimeti na 1988, a cikin wasan Vale Tudo, aka harbe wata muguwar attajira mai suna Odete Roitman. Kusan mako biyu ƙasar ba ta da wata magana sai wane ne ya kashe ta, har wani kamfanin sinadarin miya ya sa gasa a kan amsar. A watan Oktoba na 2012, ranar babin ƙarshe na Avenida Brasil, sai da aka ɗaga wani gangamin siyasa a Sao Paulo wanda shugabar ƙasa Dilma Rousseff za ta halarta, don gudun kada a sami fili wayam. Hukumar kula da layukan lantarki ma sai da ta yi shiri na musamman. Dalili shi ne, da zarar wasan ya ƙare miliyoyin mutane za su tashi a minti ɗaya su kunna fitilu, su buɗe firji, su shiga wanka, kuma a gidajen Birazil da yawa da lantarki shawa take ɗumama ruwa.

Lahadi da sauran lokuta

Lahadi babu novela. Ranar ta cin abincin rana ce a gidan iyaye, akwatin yana kunne tun safe ko da ba wanda ya zuba masa ido. Da ƙarfe huɗu ƙwallo, sai shirye-shiryen dandali masu waƙa da gasa da rabon kyauta. Sarkin wannan fage shi ne Silvio Santos, wanda ya fara da tallar kaya a titi, ya yi shirinsa na Lahadi tun 1963, ya kafa tasharsa SBT a 1981, ya rasu a 2024. Da dare sai Fantástico, shirin labarai da nishaɗi da ake yi tun 1973, wanda mutane sukan ce jin kiɗansa kawai yana tuna musu cewa gobe Litinin. A ranakun aiki da rana akwai maimaicin tsofaffin novela, sai kuma tashoshin coci da suke watsa addu'a da wa'azi. Tashar Record ma tun 1989 tana hannun Edir Macedo, shugaban wata babbar coci, kuma ta yi suna da wasannin da aka ɗauko daga Littafi Mai Tsarki na Kirista.

Abin da ya biyo baya

Ga mai nazarin harshe, abu na farko da zai lura da shi shi ne yadda akwatin ya shiga bakin mutane. Idan al'amari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kamar shari'ar fili ko cinikin ɗan ƙwallo, sai a ce ya zama novela. Abin da ya sami karɓuwa kuma a ce ya ba da ibope, wato sunan kamfanin awo ya koma kalmar yau da kullum. Kowane wasa yakan bar wata kalma da za a yi ta maimaitawa har a gaji. A watan Oktoba na 2001, ƴan makonni bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, aka fara O Clone, wanda rabin labarinsa a kan wani gidan Musulmi ne a Maroko. Hoton da ya bayar na Musulunci cike yake da ado da raye-rayen da Musulmi da yawa ba su ga kansu a ciki ba, amma a wannan shekara yara a titunan Birazil sun yi ta cewa inshalá. Ta ɓangaren karin harshe kuwa, na Rio de Janeiro da Sao Paulo ne suka cika akwatin, sai ya zama kunnen kowa ya saba da su. Mutanen arewa maso gabas sun daɗe suna ƙorafin cewa nasu karin ba a jin sa sai a bakin ɗan aike ko wanda ake so a yi wa dariya, kuma sau da yawa ɗan kudu ne yake kwaikwayonsa.

Tasirin bai tsaya a baki ba. A 1960 matsakaicin haihuwar mace a Birazil ya haura ƴaƴa 6, a 2000 ya sauko zuwa 2.3, ba tare da gwamnati ta yi wani gagarumin kamfe na ƙayyade iyali ba. Dalilan suna da yawa, kamar ƙaura zuwa birni da karatun mata da samuwar magunguna. Amma wasu masana tattalin arziki uku, Eliana La Ferrara da Alberto Chong da Suzanne Duryea, sun bi tarihin shekarar da hoton Globo ya isa kowane yanki, suka kwatanta da alkaluman ƙidaya. Sun tarar da cewa haihuwa ta fi raguwa a inda hoton ya isa, musamman a tsakanin mata talakawa. Da suka duba wasannin kansu, sai suka ga mafi yawan manyan jarumai mata ba su da ɗa ko ɗaya, ko kuma ɗaya tak gare su. Babu wanda ya yi wa kowa wa'azi a cikin wasan. Mace dai ta ga ƙaramin iyali mai jin daɗi kowane dare, shekara da shekaru. Binciken ya kuma nuna iyaye suna raɗa wa jarirai sunayen jaruman wasan shekarar.

Wani lokaci kuma da gangan marubuta suke saka saƙo. A Laços de Família ta 2000 an nuna wata budurwa mai cutar sankarar jini ana aske mata kai tana kuka, masu rajistar ba da ɓargo suka ƙaru ƙwarai. A 2003 Mulheres Apaixonadas ta nuna jika tana wulaƙanta kakanninta, a cikin wannan shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare haƙƙin tsofaffi wadda ta daɗe tana jiran majalisa.

Sai dai wanda ya iya shiga kowane gida da alheri, ya iya shiga da akasinsa. Globo ta girma ne a inuwar sojoji. A watan Janairu na 1984, lokacin da dubban ɗaruruwan mutane suka taru a Sao Paulo suna neman a ba su damar zaɓen shugaban ƙasa da kansu, Jornal Nacional ta gabatar da taron a cikin rahoton bikin cikar birnin shekara. A 1989, kwana biyu kafin zagaye na biyu na zaɓe, ta nuna taƙaitacciyar muhawarar ƴan takara a yanayin da ya fifita Fernando Collor a kan Lula, kuma har yau ana gardamar yawan ƙuri'un da wannan ya juya. Sai a 2013 jaridar kamfanin ta fito ta amsa cewa goyon bayan juyin mulkin 1964 kuskure ne. Su kansu sojojin ba su bar wasannin sun sake ba: a 1975 sun hana nuna Roque Santeiro a ranar da za a fara ta, sai 1985 aka sake yin ta.

Akwai kuma batun launin fata. Birazil ce ta fi kowace ƙasa karɓar bayi daga Afirka, ciki har da Hausawan da suka jagoranci bore a Bahia a farkon ƙarni na 19, kuma ba ta haramta bauta ba sai 1888. A ƙidayar 2022 fiye da rabin mutanenta sun bayyana kansu a matsayin baƙaƙe ko masu ruwa biyu. Amma shekaru da dama baƙin mutum a cikin novela bawa ne ko direba ko ƴar aiki. Ko Escrava Isaura ta 1976, wadda ta zagaya duniya har Sin da Tarayyar Sobiyet, baiwar da ake tausaya wa a cikinta farar fata ce. A 2004 baƙar mace, Taís Araújo, ta ja ragamar wasa a Globo, a cikin Da Cor do Pecado. Wannan wasa yana cikin waɗanda aka mayar Faransanci aka nuna a tashoshin Afirka ta Yamma, kamar yadda aka yi da Dona Beija da Terra Nostra. A Angola, inda ba a bukatar fassara, babbar kasuwar Luwanda ta daɗe tana amsa sunan Roque Santeiro kafin a tashe ta.

Zamanin wayar hannu

Yau akwatin ba shi kaɗai ba ne a gida. Netflix ta shiga ƙasar a 2011, Globo ta buɗe nata dandalin na intanet, Globoplay, a 2015, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2022 miliyoyin matasa a YouTube suka kalli wasannin. Ɗakuna sun sami nasu akwatunan, yara sun koma kan waya, kuma novela ba ta ƙara tara yawan mutanen da take tarawa a shekarun 1980. A 2020 annobar korona ta tsayar da ɗaukar sababbin babuka, aka yi watanni ana maimaita tsofaffi. Yawan gidajen da suke da talabijin ya ɗan ragu, amma a 2023 yana nan wajen 94 cikin 100.

Abin da ya fi sauyawa shi ne wurin hirar. Gardamar da ake yi a falo yanzu ana yin ta a WhatsApp da sauran shafuka a daidai lokacin da ake nuna wasan, kuma wannan yana sa wasu su zauna a kan lokaci, domin wanda ya bari sai gobe zai tarar an riga an faɗa masa komai. A 2025, shekarar da Globo ta cika 60, ta sake yin Vale Tudo da sababbin ƴan wasa, Taís Araújo ce a matsayin uwar da take fama da ƴarta mai kwaɗayi. A watan Oktoba aka sake harbe Odete Roitman. Kakannin da suka san amsar 1989 suka zauna da jikokinsu suna hasashe, domin an sanar cewa wannan karon za a sauya. A babin ƙarshe aka nuna wanda ya yi harbin, sannan aka nuna cewa matar ba ta mutu ba, ta tsere daga ƙasar.